Farar Riga Ba Ta Yin Likita

 

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce an gayyace mu bikin ba da kyaututtuka a wata makarantar sakandare a nan garin Zuru. Bayan an gama jawabai sai 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo suka fito. Wani yaro ɗan aji biyar ya shigo sanye da farar rigar da ya aro daga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ya rataya wayar sauraron waƙa a wuya a matsayin abin awon ƙirji. Aka kawo masa mai ciwon kai, ya ɗora abin a gwiwarsa, ya yi shiru yana gyaɗa kai, sannan ya ce cutar ta gudo daga sama ta sauko ƙasa. Aka kawo mai ciwon ciki, sai da ya tambayi nawa ne a aljihunsa kafin ya faɗi sunan cutar. Kowa ya zo, malariya ce da taifot, allura uku. Allurar tasa kuwa famfon keke ce. Har shugaban makaranta sai da ya cire tabarau ya share hawaye don dariya.

Kusa da mu akwai wata dattijuwa da ta zo ganin jikanta. Ita ma ta yi dariya da farko, amma da aka zo wurin allura sai ta yi tsit. Da aka tashi muka gaishe ta, muka ce, "Mama, wasan bai yi miki ba ne?" Ta ce, "Ya yi, yaran nan sun iya. Abin da ya sa na yi shiru, na san wannan likitan. Ba yaron nake nufi ba, wanda yake kwaikwaya." Sai ta nuna mana jikan nata yana tahowa da kyautarsa a hannu, yana jan ƙafa ɗaya. Ta ce yana ɗan shekara huɗu zazzaɓi ya kama shi, aka kai shi wurin wani mai shago da kowa a ƙauyensu ke kira dokta. Ya yi masa allura a ɗuwawu, allurar ta taɓa jijiya. Zazzaɓin ya tafi cikin kwana uku, ƙafar kuwa har yau ba ta dawo ba.

Wannan ne ya sa yau muka ɗauko zancen finafinan barkwanci na likitoci da zaman asibiti. Ba mun zo hana ku kallo ba ne, mu ma muna kallo muna dariya. So muke mu duba tare abin da irin waɗannan finafinai suke faɗa na gaskiya, da kuma abin da suke ɓoyewa.

Tsohon wasa ne

Likitan bogi ya daɗe yana ba mutane dariya, tun kafin a ƙirƙiro fim. A shekarar 1666 wani marubuci ɗan Faransa mai suna Molière ya fito da wasan kwaikwayo a kan wani mai saran itace da aka mayar likita da ƙarfin tsiya. Mutumin ya doki matarsa, ita kuma don ta rama sai ta gaya wa wasu masu neman likita cewa mijinta babban likita ne, amma ba ya amsawa sai ya sha duka. Suka yi ta jibgarsa har ya yarda. Aka kai shi gidan wani attajiri da 'yarsa ta daina magana. Ya yi ta zuba kalmomin da shi kansa bai san ma'anarsu ba, har ya ce zuciya a dama take, hanta a hagu, mutanen gida suna jinjina masa ilimi.

Ku lura da abu ɗaya a nan. Yarinyar ba ta da ciwon komai, bebantar ƙarya take yi don ba ta son mijin da ubanta ya zaɓa mata. Da ciwon gaske ne, da wasan bai zama na dariya ba.

Yawancinku kun san Mista Bin, Baturen nan na Ingila da ba ya cika magana. A fim ɗinsa na 1997 ya shiga wani asibiti a Amurka, aka ɗauka likita ne, aka sa masa kayan tiyata aka tura shi kan wani ɗan sanda da aka harba. Alewar da yake ci ta faɗa cikin raunin, ya cusa hannu yana lalube, ya zaro harsashin. Mutumin ya rayu, aka yi ta yaba masa. Haka abin yake a gajerun bidiyon barkwanci na Hausa da ke yawo a wayoyinmu: likitan ba ya iya karanta takardar da shi ya rubuta, ga ƙatuwar allura, ga majinyaci yana tserewa ta taga.

Me ke ba mu dariya? Mun san abin da mutanen cikin fim ba su sani ba. Mu mun san sojan gona ne, su kuwa farar riga da manyan kalmomi sun rufe musu ido. Kuma hankalinmu a kwance yake, don mun san marubucin fim ba zai bari majinyacin ya mutu ba. Ko ciwon na ƙarya ne, ko sa'a ta zo ta yi ceto. A shagon ƙauyen su Mama babu marubucin da zai shirya wannan sa'ar.

Gaskiyar da Munna ya faɗa

Fim ɗin da ya fi shahara a wannan fanni wurin masu kallon finafinan Indiya shi ne Munna Bhai M.B.B.S., wanda ya fito a 2003. Rajkumar Hirani ne ya ba da umarni, Sanjay Dutt ya fito a matsayin Munna. Munna ɗan daba ne a birnin Mumbai, amma ya gaya wa iyayensa da ke ƙauye cewa shi likita ne. Duk lokacin da za su kawo ziyara sai ya mayar da gidansa asibiti, yaransa wasu su sa farar riga, wasu su kwanta a gado suna nishi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wani likitan gaske, Dokta Asthana, ya gano asirin, ya tozarta iyayen. Don ya share musu hawaye, Munna ya yi rantsuwa sai ya zama likita, ya sa wani ya rubuta masa jarrabawar shiga, ya faɗa kwalejin da Asthana ke shugabanta.

A nan ne fim ɗin ya fara faɗin abin da ya wuce dariya. Munna ya ga an kawo wani matashi rai a hannun Allah, an bar shi a kwance ana cewa sai an cika takarda. A aji ya tashi ya tambayi shugaban kwalejin ko takarda ta fi ran mutum. Ya ga wani dattijo mai sharar asibiti da ya shekara da shekaru yana aiki ba wanda ya taɓa ce masa sannu, ya je ya rungume shi ya gode masa. Ya ga wani majinyaci da ba ya motsi ba ya magana, malamai suna nuna shi ga ɗalibai kamar kayan gwaji, ya ce mutumin nan yana da suna, a kira shi da sunansa.

Duk wanda ya taɓa jinyar wani a asibiti ya san inda wannan ya dosa. Layin yankar kati, jiran likita tun safe har azahar, tsoron yin tambaya kada a daka maka tsawa. Ma'aikatan ma ba daɗi suke ji ba, sau da yawa mutum ɗaya ne a kan aikin mutum biyar, ga kwana a tsaye. Amma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma majinyacin da aka saurara da kyau ya fi faɗin duk abin da ke damunsa, abin da ya faɗa ɗin kuwa shi ne abu na farko da likita ke aiki da shi.

Tambayar Munna tana da amsa a dokar ƙasarmu, ya kamata ku sani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili ne. A 2017 kuma aka sa hannu a wata doka da ta wajabta wa asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu, karɓar wanda aka harba da bindiga su fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ku riƙe wannan, ku gaya wa na gida. Wata rana zai iya amfanar wani.

Inda ake mantawa

Masu ba da labarin fim ɗin Munna sukan tsaya a wurin runguma da dariya. Ƙarshensa fa? Akwai wani saurayi mai suna Zahir da aka gano yana da ciwon daji. Munna ya yi masa duk abin da aboki zai yi, ya faranta masa rai, amma da ciwon ya taso, Zahir yana roƙonsa ya cece shi, ba abin da ya iya. A hannunsa ya cika. Daga baya Munna ya tsaya gaban jama'a ya amsa cewa shi ba likita ba ne, da maguɗi ya shigo, ya bar kwalejin. Har fim ya ƙare bai zama likita ba. Ko marubucin da ke ƙaunarsa bai yarda ya ba shi wuƙar tiyata ba.

Akwai wani fim na Amurka mai kama da wannan, Patch Adams, na 1998, wanda Robin Williams ya fito a ciki yana sa jan hanci na roba don ya ba yara marasa lafiya dariya. Shi wannan labarin mutum ne na gaske, Hunter Adams. Amma Adams ya zauna ya yi karatun likita har ya kammala a 1971. Barkwancinsa ƙari ne a kan ilimi, bai maye gurbin ilimi ba. Dariya tana rage tsoro, tana sa yaro ya tsaya a duba shi, tana sauƙaƙa zaman jinya. Ba ta kashe ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, ba ta ɗinke hanjin da ya huje.

Idan sojan gona ya fito daga fim

Kada ku ɗauka a ƙauye kawai ake samun likitan bogi, ko kuma marasa karatu kaɗai yake ruɗa. A 2015 an gano wani mutum a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja wanda ya shafe kusan shekara 9 yana aiki a matsayin likita da takardun abokinsa. Kama da wane ba wane ba ne, amma kamar tana iya daɗewa tana cin kasuwa.

To, yaya za mu kare kanmu? A Nijeriya ba wanda ya halatta ya yi aikin likita sai mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN. Mai shagon magani da muke kira kemis yana da nasa matsayi, da yawansu mutanen kirki ne da ke taimakon unguwa. Sai dai lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne. Bai haɗa da yin allura ba, ko ƙarin ruwa, ko ɗinki, balle tiyata. Don unguwa ta saba kiran mutum dokta, wannan bai ba shi takarda ba.

Akwai alamun da ya kamata su sa ku ja baya. Wanda ke faɗin sunan cuta bai yi tambaya ba, bai yi gwaji ba, alhali gwajin zazzaɓin cizon sauro da ɗigon jini ɗaya bai wuce minti 15 zuwa 20 ba. Wanda kowane ciwo allura ce maganinsa. Wanda ke haɗa ƙwayoyi kala-kala a leda, babu kwali, babu suna, babu lambar NAFDAC. Wanda ke da magani ɗaya mai warkar da cuta goma. Sannan babbar alama: wanda bai taɓa cewa wannan ya fi ƙarfina, ku tafi asibiti ba. Ma'aikacin gaske ya san iyakarsa. Ƙaramin asibitin ƙauye yana turawa Babban Asibitin Zuru, shi kuma idan abin ya wuce shi ya tura Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Turawa ba gazawa ba ce, wani ɓangare ne na aikin.

Abin da ba a koya daga fim

A wani fim ɗin na Rajkumar Hirani, 3 Idiots na 2009, ɗaliban injiniya sun karɓi haihuwa a kan teburin wasa, ana ruwan sama, wuta ta ɗauke, suka yi amfani da batiran mota da injin zuƙar shara. Abin ya ƙayatar a kallo. Amma a gaske, mace mai doguwar naƙuda ko mai zubar jini mota take buƙata zuwa asibiti, ba dabarar 'yan aji ba.

Ga wasu abubuwa uku da kan iya faruwa a gabanku, waɗanda finafinai suka saba nuna su a karkace.

Idan ɗalibi ya suma a filin taro, a fim mari ake yi ko a sheƙa masa bokitin ruwa. Ku kwantar da shi a inuwa, ku ɗan ɗaga ƙafafunsa, ku sassauta masa kaya, jama'a su ja baya ya sami iska. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci sai ya farfaɗo sosai. A kira malami nan take, idan bai farfaɗo da wuri ba a wuce asibiti.

Idan wani ya faɗi yana jijjiga, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a danne shi, kada a kanga ƙafarsa a wuta. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, idan jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe. Idan ta wuce minti 5, ko wannan ne karo na farko, asibiti ne. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita, don haka kada ku gudu ku bar ɗan'uwanku.

Idan maciji ya sari wani a gona, abin da mu manoman ƙasar Zuru muka sani da damina, jarumin fim yakan tsaga wurin da wuƙa, ya tsotse dafin, ya ɗaure tamau da igiya. Duka ukun kuskure ne, ɗaurin nan ma yana iya jawo asarar ƙafa. A kwantar wa mutumin da hankali, a cire zobe ko abin da ya matse wurin, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa don allurar kashe dafi.

Hanyar gaske

Mun san a cikinku akwai masu burin sa farar riga, wataƙila ma wani fim ne ya fara sa musu sha'awar. Madalla. Haruffan nan huɗu da ke jikin sunan fim ɗin Munna, MBBS, sunan digirin likitanci da tiyata ne, kuma shi ake bayarwa a jami'o'inmu irin su Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano. Hanyar tana farawa daga ajin da kuke zaune yanzu: kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis, sannan maki mai kyau a JAMB. Daga nan shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta aiki ƙarƙashin kulawar manyan likitoci, sannan bautar ƙasa. Mai son ƙwarewa a wani fanni zai ƙara wasu shekaru. Asibiti kuma ba likita kaɗai ke riƙe shi ba. Akwai nas, ungozoma, mai haɗa magani, mai gwajin jini da jami'in lafiyar al'umma, kowanne da makarantarsa da takardarsa.

A nan za mu faɗi wata magana mai ɗaci. Ɗalibin da ya shiga ɗakin jarrabawa da satar amsa, ko ya biya wani ya rubuta masa, ya riga ya ɗinka farar rigar bogi tun bai bar sakandare ba. A fim, Munna ya yi maguɗi muka yi dariya. A gaske, shafin da ka tsallake a littafi yana nan yana jiranka ranar da aka shimfiɗe ɗan wani a gabanka.

Ƙasarmu tana buƙatar ku. Daga Dabai zuwa Senchi, daga Ribah zuwa Mahuta da Dirin Daji, akwai tsofaffin da ba za su iya bayyana ciwonsu da Turanci ba, wasu ko da Hausa ma da ƙyar, sai da Dakarci ko wani harshen gida. Ranar da irin wannan tsohuwa ta shiga ɗakin likita ta tarar da ɗa ko 'yar ƙasa mai jin harshenta, mai ilimin gaske, mai sakin fuska, ranar an haɗa abin da Munna yake da shi da abin da ya rasa.

Ku kuma 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo, kada ku ajiye famfon keken nan, ku ci gaba da ba mu dariya. Amma ku ɗauki darasi daga marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda mu mutanen garin sojoji ba sai an gaya mana ko wane ne ba. Barkwancinsa na bariki ya zauna da gindinsa ne saboda shi kansa tsohon soja ne, ya san abin da yake kwaikwaya ciki da waje. Kafin ku sake shirya wasan asibiti, ku nemi izinin malaminku ku zauna da wata nas ko wani likita, ku tambaye su abin da ke ba su dariya a wurin aiki da abin da ke hana su barci. Sannan a ƙarshen wasan ku bar asirin likitan bogi ya tonu a gaban jama'a, don ƙannenku 'yan aji ɗaya da ke zaune a sahun gaba su koma gida da sanin yadda ake gane shi.

Jikan Mama, kyautar da ya karɓa ranar nan ta Bayoloji ce. Mun tambaye shi abin da yake so ya zama, ya yi murmushi bai amsa ba, kakar ce ta amsa masa.

Ku rubuto mana fim ɗin asibiti da ya fi ba ku dariya, da abu ɗaya a cikinsa da kuke zaton ba haka yake a gaske ba. Za mu kai tambayoyinku wurin ma'aikatan lafiya mu kawo muku amsa a wannan fili. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.